Haƙorin Ummusalma da Garin Katako

Akwai wata mata a Jos mai suna Ummusalma. A shekarar 2003 ta rasa haƙorin gaba guda ɗaya, da sabon ɗankwali, da tukunyar shinkafa da wake cike fal. Abin da ta samu kuma shi ne ƙanwa. Har yau in ka tambaye ta, cewa za ta yi ba ta faɗi ba. Ita kuwa ba mace ce da ake cuta a ciniki ba.

Mijinta, Malam Uzairu, shekara goma sha ɗaya yana kan injin katako a rumfar Oga Fidelis a kasuwar Katako. Da Allah ya yi masa rasuwa ya bar ta da yara huɗu, sai ta kafa tukunya a bakin rumfar tana sayar wa 'yan dako abinci.

Ba ta sayen itace. Gwangwani take samu, ta dasa kwalba a tsakiya, ta danƙara garin katako, ta zare kwalbar ta kunna wuta. Murhu ɗaya sai ya kai ta la'asar.

A wurin akwai tsari: wadda ta riga shimfiɗa buhunta a gindin inji da safe, abin da injin ya zubar ranar nata ne. Ummusalma ba ta taɓa shimfiɗa buhu ba. A ganinta, injin da ya ci ƙarfin mijinta ba sai da buhu zai gane ta ba.

Wata Talata ta zo ta tarar da buhu a wurin. Mai shi wata ce Yael daga Anguwan Rukuba, mai kiwon kaji.

"Ke baiwar Allah, wa ya aiko ki nan?"

"Mama, na riga ki sa buhu. Tambayi kowa."

"Lokacin da mijina ke shaƙar ƙurar injin nan, kina ina?"

"Allah ya ji ƙansa, Mama. Amma ai ba shi ya sa buhu yau ba."

Wannan maganar ce ta kawo komai. Ummusalma ta fizgi buhu, Yael ta fizga, sai ga su a ƙasa. Tukunya ta kife. Gwiwar hannun Yael ta sami bakin Ummusalma, ita kuma ta yaga mata riga har baya.

Ku tuna fa, shekara biyu ke nan da rikicin addini na Jos, zukata ba su kwanta ba. Wani ya hango mai mayafi da mai sarƙar gicciye suna birgima, ya ƙwala ihu: "An fara!"

Nan da nan aka rufe rumfuna. 'Yan acaɓa suka juya. Iyaye suka ruga makarantu ɗauko yara. Wani tsoho mai sayar da ƙusa ya faɗa kwata ya gurɗe ƙafa. Duk a kan abin da ake sharewa da tsintsiya.

'Yan sanda suka kwashe su biyun. Oga Fidelis ne ya yi belinsu kafin magariba. Shugabannin kasuwa kuma suka aiko da saƙo: duk wadda kotu ta samu da laifi, ta yi sallama da Katako. Ummusalma kuwa ba ta da wata tukunya sai wannan, ga baki huɗu a gida.

Ranar shari'a ta ƙunsa haƙorinta a takarda ta tafi kotun majistare, tana ganin ita ce mai ƙara. Sai aka tura ta cikin akwatin waɗanda ake tuhuma tare da Yael, kafaɗa da kafaɗa.

"Ranka ya daɗe, an yi kuskure. Ni aka cire wa haƙori. Ga shi nan."

Tafinta ya ce, "Mama, ajiye haƙorin. Ba wadda ke ƙarar wata. Hukuma ce ke tuhumarku ku biyu da yin faɗa a bainar jama'a har mutane suka firgita. A wannan laifin ba a tambayar wa ya fara. Tara ce, ko gidan yari."

Ummusalma ta sake ƙunshe haƙorinta. Ta ji kafaɗar da ke jikin tata tana rawa, ta waiga, ashe Yael kuka take a ɓoye. Ta ce a hankali, "Ke, share hawayen nan. Kar ki ba mu kunya."

Alƙali ya ba su mako ɗaya. Ya ce in sun dawo a shirye zai duba, in kuwa sun dawo yadda suke, ya san abin da zai yi.

Kwana uku ba wadda ta nemi wata. A na huɗu Yael ta yi sallama a gidan Ummusalma. Kafin ta zauna, idonta ya kai kan wani tsibi a bayan madafa.

"Mama, wannan fa?"

"Shara ce. Ɓawon katako ne da nake tsincewa daga garin. Ba ya danƙaruwa, bal ɗaya yake yi ya cinye."

Yael ta dafa bango tana dariya har ta zauna a ƙasa.

"Mama, ni shi nake nema! Shi ake shimfiɗa wa 'yan tsaki. Garin in sun ci kashe su yake. Ni garin nake zubarwa a bayan ɗakina!"

Ummusalma ta kai harshe kan giɓinta. Ashe abin da kowace ke zubarwa shi ɗayar ke so. Rariya ɗaya ta isa ta raba su, ba sai alƙali ba.

Amma ita fa ba ta sulhu a kyauta.

"To, haƙorina fa? Kiret ɗin ƙwai duk mako."

"Kiret? Mama, haƙorin na zinariya ne? Rigata fa?"

"Rigar gwanjo? Rabin kiret."

"Ƙwai ɗaya."

"Tashi ki fita mini daga gida."

Ba ta fita ba. Sai da suka ci tuwo, suka ci gaba daga inda suka tsaya.

Ranar komawa kotu acaɓa ɗaya suka hau. Alƙali ya ja musu kunne ya sallame su, ya ce su je su duba tsohon da ya gurɗe ƙafa. Suka je da ƙwai da shinkafa. Tun daga nan buhu ɗaya ake shimfiɗawa a gindin injin, mata biyu na tankaɗe.

Ba sai na ci gaba da ɓoyewa ba, giɓin nan a bakina yake. Ga abin da na sallama a kai: Yael za ta sayi rariya, ƙwai uku duk Juma'a, kuma ta daina ce mini Mama kamar wata tsohuwa, ta ce Yaya. Ukun ma da ƙyar, biyu ta so.

Darasi: Kafin ka ɗaga hannu, buɗe baki ka tambayi mutum me yake so, wataƙila abin da kake zubarwa ne. Faɗan mutum biyu a kasuwa ba nasu ba ne su kaɗai, kuma kotu ba ruwanta da wanda ya fara. Ku tura wa duk mai saurin hannu da kuka sani, tun haƙoransa na nan.