Wasiyyar Kurege da Kunyar Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Lantana, bar tsokanar ƙaninki, ko in naɗe tabarmata.

Wani tsohon Kurege ne, yana da rumbu uku cike da gyaɗa, da 'ya'ya maza biyu da ba sa leƙo shi sai ranar sallah. Akwai kuma 'yar Ɓera, marainiya, wadda ya riƙe tun idonta bai buɗe ba. Da ciwo ya kwantar da shi, ita ce ɗebo ruwa, ita ce dama kunu, ita ce korar ƙuda.

To kun san 'yar riƙo ba ta cin gado, sai in an yi mata wasiyya gaban shaidu. Kurege ya san haka. Ya aika aka kira maƙwabciyarsa Bushiya. Ɓera ta soya mata gyaɗa, ta zuba gishiri.

Kurege ya ce, "Maƙwabciya, rumbu ɗaya cikin ukun nan na yarinyar nan ne. Kira mini Hankaka ku zama shaida biyu, in faɗa da bakina."

Bushiya ta ce an gama. Amma a hanya tana lashe baki, sai ta ce a ranta, in magana ta ƙare, soyayyar gyaɗa ma ta ƙare ke nan. Kai, kwaɗayi mabuɗin wahala! Ko hanyar gidan Hankaka ba ta kalla ba.

Washegari ta dawo, ta ce Hankaka ya tafi cin kasuwa. Aka soya, ta ci.

Kashegari ta ce yana gidan suna. Aka soya, ta ci.

Rana ta uku muryar Kurege ta dushe. Ya kama hannunta ya ce, "Don Allah, yau dai."

Ta ce, "Haba, Malam Kurege, kai da za ka ga jikoki? Hankaka ciwon ƙafa yake, gobe zan ɗauko maka shi ko a goye."

Goben ba da Kurege aka yi ta ba.

Bayan sadakar bakwai, 'ya'yan nan suka iso da buhuna. Aka kira Dila, malamin daji, ya raba gado. Ya tambaya ko mamaci ya bar wasiyya. Bushiya ta miƙe, ta faɗi maganar rumbun. 'Ya'yan suka ce atafau ba su san zancen ba.

Dila ya ce, "Ɗaya cikin uku bai wuce ƙa'ida ba. Amma baki ɗaya ba ya tsai da wasiyya. Ina na biyunki?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce Hankaka ne, ba ya gari.

Sai ga muryar Hankaka daga kan tsamiyar ƙofar gida. "Ni? Kullum ina nan a reshen nan. Ina ganinki kina shiga, kina fitowa kina suɗe yatsu. Ko sallama ba ki yi mini ba."

Kunya ta kama Bushiya, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Wallahi ni mai ba ku labari ma kunyar nake ji.

Aka raba rumbunan tas, ko ɓawo Ɓera ba ta samu ba. Ta ƙulle 'yan tsummokaranta. Da za ta fita, sai ta durƙusa gaban Bushiya, ta kwance bakin zane, ta miƙa mata 'yar soyayyar gyaɗa.

Ta ce, "Gwaggo, ga naki na yau. Baba ya ce kada ki taɓa zuwa gidan nan ki koma haka."

Da zagi ne, da da sauƙi. Bushiya ta kasa karɓa, ta kasa ɗaga ido. Ta cusa fuska cikin ciki, ta dunƙule. Shi ya sa har gobe in kun ci karo da bushiya sai ta dunƙule, ɓera kuwa ba shi da rumbun kansa, sai raɓe-raɓe a na mutane.

Maganar gado, yara, a faɗe ta gaban shaidu tun baki na motsi, kuma a dubi wanda ake aika.

Ƙurunƙus! Yau dai a ƙyale kan ɓera, wuyar da ta sha ta isa.