Malam Sallau da Fallen Zinari

An yi wani mutum a wani gari da ba zan ambata ba, shekaru masu yawa da suka shige. Sunansa Malam Sallau. Wannan bawan Allah ba shi da digiri, ba shi da ofis. Shi ne dai mai riƙe da ma'auni da littafin awo a wani ɗakin bincike.

Ku saurara in gaya muku aikin ɗakin. Masana sun ce zinari da sauran ƙarafa masu nauyi, a cikin taurari Allah Ya tsara ƙera su. Akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana ce musu niyutiron. Ƙwayar ƙarfe takan haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, tana ƙara nauyi, har ta koma wani ƙarfen dabam. To, ɗan Adam ba ya iya zuwa tauraro ya duba. Sai su yanko fallen ƙarfe, su rufe shi a ɗan kwanso, su saka a na'urar da ke feso niyutiron, sannan su auna yawan da ya haɗiye. Zinari shi ne mudunsu. Da shi suke gwada sauran ƙarafa, domin an riga an san cinsa.

Wata rana Malam Sallau ya yanko fallen zinari, ya auna, ya rubuta nauyinsa, ya miƙa wa shugaban aikin, Dakta Jafaru. Dakta ya rufe kwanso da hannunsa. Da aka fito da shi aka duba, sai ga abin da zinarin ya haɗiye ya gaza abin da aka sani. Malam Sallau ya rubuta lambar a littafi yadda na'ura ta nuna.

Zinari ba ya ƙarya. To, wa ya yi ƙarya?

Jama'a, ku lura da yadda zato ke shiga. Wani ya ce ai mabuɗin akwatin zinari na hannun Sallau. Wani ya tuna cewa ƙanin matarsa maƙerin zinari ne a bakin kasuwa. Kafin azahar an gama shari'a: ya gutsuri fallen, ya rubuta cikakken nauyi.

Za ku ce, a buɗe kwanson mana a sake aunawa! Ba ya yiwuwa. Ƙarfen da ya fito daga na'urar nan yana fitar da wani tiriri mai cutarwa, kuma dokar gidan ita ce ba a buɗe shi sai ya kwana ashirin da ɗaya a akwatin dalma ya huce. Hujjar mutumin nan tana kulle, ga ta ga shi, ba damar taɓawa.

Kwana ashirin da ɗaya. In ya shigo, sai hira ta mutu. Wani abokin aikinsa ya riƙa ce masa, "Alhaji Zinari, yaushe za mu ga sabon babur?" Shi kuwa sai ya ce, "Wannan tsohon ma da turi yake tashi, ka zo ka taya ni."

A kwana na tara Dakta ya kira shi, ya rufe ƙofa.

"Malam Sallau, ni ba na son a kore ka. Ga lambar haɗiyar zinari da kowa ya sani. Goge waccan da ta gaza ka rubuta wannan, mu ce na'ura ce ta yi kuskuren karatu. Ba mai sake waiwayar kwanson."

"Ranka ya daɗe, abin da na'ura ta nuna shi na rubuta."

"Kana da iyali fa."

"Ina da su. Amma in na goge yau, duk abin da na rubuta shekara goma sha bakwai ya zama abin zargi. Ni kaina ba zan ƙara yarda da littafin ba."

Dakta ya fito ya ce da mutane, "Na ba shi mafita ya ƙi. Wannan taurin kai da walakin." Aka karɓe mabuɗin daga hannunsa.

Ranar da wa'adi ya cika, aka taru. Aka buɗe kwanso, aka ɗora fallen a ma'auni. Nauyinsa cif, ko ƙura bai ragu ba. Sai dai an ninke shi huɗu. Kwanson ya yi masa kaɗan, wanda ya rufe shi ya ninke don ya shiga. Shi kuwa zinari in an ninke, na waje ne ke tare niyutiron, na ciki ya samu kaɗan. Kowa a ɗakin ya san hannun da ya rufe kwanson. Dakta Jafaru ya sunkuyar da kai.

Ku saurari abin da bawan Allah ya ce. Ya jawo littafi, ya ce, "Ranka ya daɗe, bari mu rubuta cewa ninki na rage awo, don na bayanmu su kiyaye." Ya rubuta, ya rufe littafin.

'Yan'uwa, darasin a fili yake. Kada ka sayi tsira da ƙarya, ko da gaskiyarka tana kulle. Kuma kada ka yanke wa mutum hukunci kafin a buɗe kwansonsa. Da ya goge lambar nan, da ba a buɗe kwanson ba, da har ya mutu ana nuna shi da baki.

Ni da nake gaya muku, akwai maƙwabcin da na daina amsa wa sallama a kan wata magana da ban gani da idona ba. Ya rasu kafin gaskiya ta fito. Har yau in na bi ta ƙofar gidansa, sai in rage sauri. Kowannenku akwai wanda ya kulle a zuciyarsa da zato. In yana raye, ku je ku gaishe shi yau, tun ana iya amsa muku. Allah Ya yafe mana abin da muka zata ba mu sani ba.