Rabon Gero a Bakin Rijiya

An ce wai a zamanin wani sarki mai sanyin hali, annoba ta sauka a garinsa, irin wadda ke bin numfashi daga mutum zuwa mutum. Masu magani suka ce ba ta da makari sai kowa ya zauna a gidansa. Sarki ya sa aka yi shela, aka rufe kasuwa, aka buɗe rumbunan fada. Ma'ajinsa mutum ne mai gaskiya, sai dai yana son ƙa'ida kamar ransa. Shi ya tsara rabon: kowace Alhamis dogarai su bi gida-gida da gero, su auna wa maigidan da suka tarar a gida. Wanda ba a tarar ba ya karya doka, a tsallake ƙofarsa.

Tsarin ya yi wa mutane da yawa daɗi. Masaƙi ya ja zarensa a tsakar gida, maɗinki ya ci gaba da hularsa a zaure, malamai suka duƙufa kan rubutu, har wasu suka yi kumatu. Ma'aji bai tuna cewa akwai masu aikin da ba ya yiwuwa a ɗaki ba.

Cikinsu akwai wani tsohon ɗan garuwa, Tunau. Shekara talatin yana ɗauko ruwa daga rijiyar gangare zuwa unguwar Tudu, inda tsofaffi suka fi yawa. Rabin 'yan garuwa sun kwanta ciwo, aikin ya dawo kan kafaɗarsa. Sai ya rufe hanci da tsumma, ya juye ruwa a randar da aka ajiye a ƙofa, ya yi sallama daga nesa ya wuce. Alhamis biyu dogarai suna zuwa gidansa, ba su tarar da kowa sai matarsa Tabawa, su ba ta haƙuri su yi gaba.

Ran Laraba Tabawa ta kife masa kwaryar hatsi a gabansa, ba ko ƙwaya.

"Malam, kwana uku ke nan zogale muke tafasawa. Gobe ka zauna, don girman Allah. Ko sai na ɗaure ka da igiyar guga?"

Tunau ya ce, "In na zauna, Tabawa, wa zai kai wa Iya Kande ruwa? Tun Talata take tari, ba mai leƙa ta."

"To ni yarinya ce? Sai na fara tarin za ka gan ni?"

Da dariya ta faɗa, amma ya ga yadda zanenta ya yi mata yawa a ƙugu. Kunya ta kama shi, tausayinta ya cika masa ciki. Ya rasa wadda zai bari, matarsa da yunwa ko tsohuwa da ƙishirwa.

Da safe ya kai ruwan fada kamar kullum. Sarki na zaune can cikin zaure, ya ja amawali ya rufe baki, Ma'aji na gefe. Tunau ya durƙusa daga nesa.

Sarki ya ce, "Tunau, yau kai ne da tsayawa? Na san ka da juye ruwa ka gudu kamar an biyo ka."

"Allah ya ja zamaninka, tambaya na kawo. In na bi dokarka, Tudu ta kwana da ƙishi. In na shayar da Tudu, gidana ya kwana da yunwa. Ka zaɓa mini ɗaya, ni kaina ya ɗaure."

Ma'aji ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, wallahi ina tausayin dattijon nan, ruwansa na sha yau da safe. Amma in aka auna wa wanda ke waje, gobe duk mai yawon banza zai saɓa sanda ya ce shi ɗan garuwa ne. Ba mu da hanyar tantance su. Doka za ta rushe, annoba ta cinye gari."

Sarki ya ga kowannensu yana da gaskiya. Sai ya ɗago kai.

"Ma'aji, dokarka tana nan. Amma a kai buhunan gero bakin rijiya, da sabulu da ƙyallen rufe hanci. Duk wanda ya hau Tudu da garwa biyu cike har sau biyar, ya juye wa waɗanda ba sa iya fita, a auna masa kwano biyu. Kada a tambaye shi suna, kada a tambaye shi sana'a."

"Maƙaryatan fa, ranka ya daɗe?"

"Maƙaryacin da ya hau Tudu da ruwa sau biyar, ai ya zama mai gaskiya kafin ya sauko, kuma hannu muke nema. Wanda ya kasa, da ƙafarsa zai koma gida ya zauna, ba dogari ba bulala. Ba abin da kake so ke nan ba? Haka za a yi wa masu haƙa kabari da masu kwasar shara da ungozomomi. Tunda ba za a same su a gida ba, rabonsu ya same su inda suke wahala dominmu."

Ma'aji ya yi dariya ya ce ya sallama.

Yadda ya yi tsoro kuwa haka aka yi. Ƙarti bakwai suka ɓullo da aron sanduna, kowa na rantsuwa cewa aikin garuwa ya gada. Biyar suka yi sawu ɗaya, suka koma gida dafe da ƙugu, ba a sake ganin ƙeyarsu a waje ba. Biyu suka cije, gero ya yi musu daɗi, suka zama 'yan garuwa na gaske. Tudu ta sha ruwa har ta yi wanki.

Tunau ya shiga gida da la'asar, gero ƙulle a bakin riga. Tabawa ta karɓa, ta tsoma hannu a ciki. Sannan ta raba shi biyu, ta tura masa kashi ɗaya.

"Wannan na kunun Iya Kande ne. Ka ajiye mata a ƙofa, kada ka shiga. Kuma ka dawo da wuri, tsoho, ni ma ina son ganinka."

Masu hankali suka ce: in gari ya sami damar rufe ƙofarsa ya tsira, to wani ne ya tsaya masa a waje, kuma shi ya kamata a fara auna wa.