Aura Mai Ciki da Hanyar Ikko

"Ga ta nan, ga ta nanku, tana tafe da ƙafa huɗu."

"Ta iso mu ji ta, Kaka."

To ku gyara zama. Mai surutu ya tashi tun yanzu.

A wancan zamani babu mota, babu kwalta. Wanda zai je bakin teku daga Kano, ƙafarsa ce abin hawansa. Fatake ne ke haɗa ayari, su kai kanwa kudu, su dawo da goro. Hanyar ma ba guda ba ce. Ƙananan turbobi ne birjik a daji, wata ta kai ka gari, wata ta kai ka lahira.

Akwai wata mata, sunanta Tabawa. Mijinta falke ne, ya rasu ya bar mata mangalar kanwa da jaka ɗaya. Ana kiran jakar Aura. Aura kuwa tana da ciki, har ya tsufa.

Ranar da ayari zai tashi, Tabawa ta koro jakarta ta shiga layi. Shugaban ayarin, Madugu Cindo, ya dubi jakar, ya dubi Tabawa.

Ya ce, "Tabawa, wannan jaka ce ko rumbu?"

Ta ce, "Jaka ce, Madugu. Hatsin bai isa fitarwa ba tukuna."

Ya ce, "Ki bar ta a gida."

Ta ce, "In bar wa wa? Ita kaɗai ta rage mini mai numfashi a gidan."

Ya ce, "Kin dai san dokar ayari. Wanda ya gaza ba a jiransa."

Ta ce, "Na sani. Maigidana ya sha faɗa mini."

Aka tashi. Aka wuce Zariya lafiya. Daga nan ƙafar Aura ta fara nauyi. Yau suna tsakiyar ayari, gobe suna ƙarshe, jibi sai ƙurar mutane suke hangowa. Madugu ya dawo da kansa, ya miƙa wa Tabawa gorar ruwa. Bai dubi fuskarta ba.

Ya ce, "Ki lura da reshe. Allah ya haɗa mu."

Kun san reshen da yake nufi? Fatake suna da al'ada. In an zo mararraba, wanda ke gaba sai ya sari ɗanyen reshe, ya shimfiɗa a bakin turbar da ba a bi ba. An rufe ta ke nan. Na baya in ya iso, ya bi buɗaɗɗiyar, ba sai ya tambayi kowa ba.

Ashe Dila yana cikin ciyawa, ya ji komai. Ya ruga wajen Kura.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, na samo miki nama biyu cikin fata ɗaya."

Kura ta ce, "Malam, ba na son wa'azi. Ina yake?"

Ya ce, "Har gabanki zan kawo shi. Ni dai a bar mini hanji. A ina za ki jira?"

Ta ce, "A bakin ruwa mana. Ni ba na jira da ƙishirwa."

Dila ya je mararraba. Ya ciji reshen, ya ja shi ya rufe turbar ayari, ya buɗe wadda ta gangara rafi. Ya share sawun mutane da wutsiyarsa.

Tabawa ta iso. Ta ga reshe, ta bi buɗaɗɗiyar turba, ba ta kawo komai a ranta ba. Suka yi ta gangara har suka fito bakin wani kogi mai kadoji, wanda yau ake kira Kaduna. Sai ga matan Gwari cike da wurin, kowace da ƙwarya a kafaɗa, suna ɗiban ruwa suna hira. Kura na kwance bayan dutse tana kallo, ba damar fitowa.

Tabawa ta gaishe su. Ta ce, "Ayari bai wuce ta nan ba?"

Wata tsohuwa a cikinsu ta ce, "Babu wanda ya wuce. Amma zo ki ga wanda ya riga ki zuwa."

Ta nuna mata sawun kura a laka, sabo, ruwa bai gama cika shi ba. Tabawa ta jawo Aura kusa da ita. Matan suka ba ta doya, suka ba Aura dusa, suka ajiye su kwana biyu. Da za su tafi suka raka su har suka nuna musu turbar kudu.

Kura ta kama Dila da faɗa.

Ta ce, "Kai ka ce nama biyu. Ba ka ce mata arba'in ba."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, kuskuren wuri ne. Nan gaba akwai wata mararraba. A ina za ki jira?"

Ta ce, "A bakin ruwa. Sau nawa zan faɗa maka?"

Tabawa ta yi kwanaki tana tafiya. Turbar ta sake haɗuwa da ta ayari, ga kashin jakuna nan ya bushe. Gora ta yi sauƙi, sannan ta ƙare. Suka iso mararraba ta biyu. Wannan karon Tabawa ta tsuguna ta duba reshen. Ta ga gurbin haƙori a jikinsa. Ta ga inda aka ja shi a ƙasa, ta ga sharar wutsiya.

Ta ce, "Aura, mutanen Madugu da wuƙa suke aiki, ba da baki ba. An juya mana reshe."

Aura ta ɗaga hanci. Ta shaƙi dama, ta shaƙi hagu.

Ta ce, "Uwar ɗakina, turbar ayari busasshiya ce. Ruwa yana wannan da aka buɗe mana."

Tabawa ta ce, "Kura ma tana can."

Aura ta ce, "Ƙishirwa tabbas ce. Kura kuwa wataƙila ce. Ni biyu nake sha wa ruwa."

Tabawa ta yi tunani. Ta ce a ranta, ruwa a rani ba ya zama shi kaɗai, ba a rasa mutane a bakinsa. Ta ɗauki sanda, ta sa Aura a gaba, suka bi turbar Dila da saninsu.

Suka fito wani babban tafki. Sai ga Fulani da shanu sun cika bakinsa, samari da sanduna, karnuka na zagaye. Kura ta leƙo daga cikin duhuwa, wani kare ya yi haushi, ta mayar da kai. Wata Bafillatana ta shafa cikin Aura.

Ta ce, "Kwana goma, in ya yi yawa. Kada ki bari ta haihu a daji, inna."

Suka ba Tabawa nono, ta ba su ɗan guntun kanwa don shanu. Kwana uku ta yi a rugarsu.

Wannan karon Kura ba ta yi faɗa ba. Ta dai taka wutsiyar Dila, ta zauna a kai.

Ta ce, "Malam, ka san abin da na lura? Duk inda na je, mutane sun riga ni."

Dila ya ce, "Ranki ya daɗe, ruwan ne. Ki jira inda babu ruwa, ba za ki ga kowa ba."

Ta ce, "Zan jira a kan fako, cikin rana. In na jira a banza, kai ma nama ne, ko da yake ba ka da auki."

Aka zo mararraba ta uku. Aura tana tafiya tana tsayawa, cikin ya sauko. Ga reshe an ja shi, ga gurbin haƙori. Aura ta shaƙi dama, ta shaƙi hagu, ta girgiza kai.

Ta ce, "Duk biyun babu ruwa. Ta hagun ma warin kura take."

Tabawa ta ce, "To ina ruwan?"

Aura ta miƙa hanci tsakiya, cikin ƙirya da ƙaya. Ta ce, "Can. Mai yawa ne. Amma babu turba."

Tabawa ta ce, "Wanda ya fara waɗannan ma bai tarar da su ba."

Sai ta juya ta dubi ciyawa. Ta ce, "Malamin daji, fito mu gaisa. Ina ganin kunnenka."

Dila ya fito yana gyaran murya. Ya ce, "Hajiya, wucewa nake."

Ta ce, "Ban je Makka ba, kai ma ba wucewa kake ba. Na gode da ruwa sau biyu. Yanzu za mu shiga nan, kai kuma za ka ruga ka gaya mata, ko?"

Ya ce, "Aikina ke nan."

Ta ce, "Je ka. Ka tarar da ita cikin rana, maƙogwaro a bushe, ka ce mata na uku ma ya kuɓuce. Mu muna nesa, kai kana kusa. Wa za ta fara ci?"

Dila ya sosa kunne. Ya dubi hagu, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "In ke ce ni fa?"

Ta ce, "Da na tuna ina da dangi a arewa."

Dila ya ce lallai akwai wata gwaggonsa da ya daɗe bai gaisar ba. Ya kaɗa wutsiya ya yi arewa.

Tabawa ta sauke mangala daga bayan Aura, ta ɗora a kanta. Ta shiga gaba da sanda tana buge ƙaya, Aura na bayanta tana cewa dama, tana cewa hagu. Suka wuni, suka kwana, suka sake wuni. Kura kuwa tana kan fako tana jira. Rana ɗaya, rana biyu. A ta uku ta gane, ta sauko ta sa hanci a ƙasa ta bi sawu.

Da hantsi Tabawa ta fito bakin kogin Kwara, ruwa shimfiɗe har ido ya gaji. Ga wani Banufe mai fito, sunansa Ndagi, yana gyaran jirginsa, matarsa na zaune tana shanya kifi.

Tabawa ta ce, "Mai jirgi, ka ƙetare da mu. Kura na bayanmu."

Ndagi ya ce, "Ke zan ɗauka, da kayanki. Jirgina ba ya ɗaukar jaki. In ta yi harbi a tsakiya, duk mun tafi."

Tabawa ta ce, "To ni ma na fasa."

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar jakarta. Matar Ndagi ta miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu. Ashe ita ma tsohon ciki gare ta. Ta dubi Aura, ta dubi mijinta.

Ta ce, "Mai irin wannan nauyin ba ta harbi. Tambaye ni."

Ndagi ya miƙe. Ya yanko ciyawa ya shimfiɗa cikin jirgi. Aura ta shiga a hankali ta kwanta. Suna tsakiyar kogi sai ga Kura ta fito bakin gaɓa, harshe a waje. Ta dube su, ta dubi ruwan. Sai ta sunkuya ta sha, don shi ne abin da ya rage mata.

A wancan ƙetaren, wajen da ake kira Jebba, Aura ta haihu washegari da safe. Ɗan jaki namiji, kunnuwa kamar ganyen gwaza. Tabawa ta goge shi da zanenta.

Bayan kwana huɗu sai ga ayarin Madugu ya ƙetaro. Sun bi miƙaƙƙiyar turba, wadda ba ta ratse wa kowa. Rabin jakunansu sun mutu da ƙishirwa, mutane na ɗauke da kaya a ka, leɓuna sun tsage. Madugu ya ga Tabawa zaune a inuwa, ɗan jaki na tsotso. Ya tsaya kamar an kafe shi.

Ya ce, "Ta ina kika biyo?"

Ta ce, "Ta inda ake shan ruwa."

Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi a gaban mace ba. Ya ce, "Tabawa, ki shige mana gaba."

Ta ce, "Ni ban san hanya ba, Madugu. Ga mai ita nan. Amma da sharaɗi. Inda ta tsaya, nan ne zango. In ɗanta ya gaji, kowa ya gaji."

Madugu ya ce ya yarda.

Haka suka tafi. Aura a gaba, ɗanta na tangaɗi a gefenta, manyan fatake na biye. Suka sauka Ilori, matan Yarbawa suka yi ta dariyar ayarin da jinjirin jaki ke yi wa umarni. Suka sauka Badun. Suka shiga kurmi, inda rana ba ta taɓa ƙasa. Daga nan ba su sake rasa ko jaki ɗaya ba, har suka iso Ikko, ƙasa ta ƙare, teku ya tare gaba.

Aura ta matsa ta shaƙi ruwan. Ta yi atishawa.

Ta ce, "Uwar ɗakina, wannan ba na sha ba ne. Mu koma."

Da suka sayar da kanwa suka ɗauki goro, ta hanyar Aura suka komo. Wani ayarin ya bi sawunsu, wani ya bi na wancan. Turba ta yi faɗi. Duk inda ta tsaya ta sha ruwa, mai abinci ta kafa rumfa, rumfa ta zama zango, zango ya zama gari. Da zamani ya juya aka kawo mota, masu zuba kwalta suka duba suka ga ƙafa ta riga ta yi musu aikin, sai suka bi ta.

Shi ya sa in kun hau motar Ikko za ku ga hanya ba ta miƙe ba. Ta karkata nan, ta lanƙwasa can, direba na tsaki. Ku ƙyale shi. Ruwa take bi, da mutane.

Ku riƙe wannan: hanyar da mai rauni zai iya bi, ita ce ke kai kowa gida.

Ƙurunƙus kan dila. Garuruwan gaskiya ne, sauran kuwa ni na ƙulla muku. Ku tashi ku wanke ƙafa.