Ranar da MaNyathi Ta Je Ƙwato Mijinta daga Gidan Sistoci

Akwai wata mata a unguwarmu ta Mpopoma, nan Bulawayo, ana ce mata MaNyathi. Ba ta iya zama ba. Ko a coci, kafin a ce amin ta ƙarshe ita ta kai bakin ƙofa.

Tana da dalilinta. Mijinta Tshuma ya daɗe yana fama da ciwon karkarwa, wanda likitoci ke kira Fakinsan. Hannunsa rawa yake, muryarsa ta yi ƙasa, kuma wani lokaci yana cikin tafiya sai ƙafafunsa su kafe, musamman a bakin ƙofa, kamar an liƙe su da ƙasa.

Ita ke masa wanka, ita ke sa masa riga, ita ke ba shi tuwo a baki. In ya kafe, ta rungumo shi ta ɗaga ta ja. In ya ce "Ina so...", kafin ya lalubo sauran maganar ta ƙarasa masa: "Ruwa? Ga shi." Sai bawan Allah ya sha, ko da ƙishi ko babu.

Kowa yana yabonta, ita ma ta san ana yabonta. Maganarta kullum ɗaya ce: "Babu wanda ya san mutumin nan sai ni."

Sai ido ya kawo cikas. Na hagu ya mutu tun tana yarinya, na dama kuma yanar ido ta fara rufe shi, har ta soma zuba gishiri a shayi. Likita ya duba ya ce sai aiki.

"Mama, aikin ba wuya," in ji shi. "Bayansa ne wuya. Mako biyu ba sunkuyo, ba ƙura, ba hayaƙi, ba ɗaukar abin da ya fi butar shayi nauyi. Ido ɗaya gare ki. In ya lalace, ba ni da wani da zan ba ki."

"To mijina fa? Ai ya fi butar shayi."

'Yarsu Nomalanga, wadda ke aiki a Johannesburg, ita ta samo mafita. Akwai wani gida da sistocin coci ke riƙe da shi a bayan gari. Suna karɓar masu shanyewar ɓarin jiki da masu karkarwa da masu farfaɗiya na mako ɗaya ko biyu, don masu jinyarsu su huta ko su ma su nemi magani.

MaNyathi ta yi tsalle ta dire a waya. "Ubanki za ki kai ajiya kamar buhun masara? Me matan coci za su ce da ni?"

"Mama, matan coci za su ba ki ido?"

Ta juya wajen mijin. "Baban Nomalanga, kana jin 'yarka?"

Tshuma ya motsa baki. "Ni dai..."

"Kin ji ko? Shi ma ba ya so!"

Amma ranar aiki ta matso, kuma babu wanda zai iya da shi a gida. Haka ta kai shi tana ƙunƙuni. Ta tsare shugabar gidan, Sista Ndiweni, da bayani: yadda ake jiƙa masa tuwo, yadda ake kama shi, filon da yake so. Sista ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Mama, je ki kula da idonki. Baba yana hannu."

An yi aiki lafiya. Washegari aka cire auduga, aka ba ta baƙin gilashi da maganin ɗigawa, ta dawo gida tana gani dishi-dishi. Maƙwabciyarta MaHadebe ta ɗauki nauyin ɗiga mata magani da kawo mata abinci.

To nan fa aka ga ikon Allah. Matar da ta yi shekaru tana cewa ba ta da lokacin numfashi, an ba ta lokacin ta rasa inda za ta ajiye shi. Ta zauna, ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta fito. Ta gyara filon Tshuma, ta dawo ta sake gyarawa. Ta ɗauki tsintsiya, MaHadebe ta ƙwace. Sai ta ji kamar Tshuma ya yi tari a ɗaki, ta zabura, ta tarar da gado babu kowa.

"Ƙawata, za ki haƙa rami a tsakar gidan nan da sintiri," in ji MaHadebe. "Ki zauna mana!"

"In zauna in yi me?"

Waya kuwa ba ta huta ba. Safe ta kira gidan sistoci, rana ta kira. Ranar nan Sista Ndiweni ta ce mata cikin murna, "Yau Baba ya cinye abincinsa tas, kuma da kansa."

"Da kansa?"

MaNyathi ta kashe wayar. Mutumin da cokali ke faɗuwa daga hannunsa? Wato sun ajiye masa kwano sun yi tafiyarsu, rabi a ƙasa rabi a riga, suna kiran wannan cin abinci. Ta yafa mayafi, ta faki idon MaHadebe, ta fice.

Ta shiga kombi, ƙaramar motar haya, a kujerar baya, taga a buɗe, ƙura tana shigowa son ranta. Kwandasta ya kalli gilashinta ya ce, "Kaka, waƙa za ki je yi a filin ƙwallo? Ina makaɗanki?" Ko kallonsa ba ta yi ba.

Tana shiga gidan ta hango shi. Yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin cin abinci, ƙafafu a kafe, jiki yana karkarwa. Sista Ndiweni tana gefensa, hannunta kusa da bayansa amma ba ta taɓa shi ba, tana ƙirga masa a hankali.

"Kuna tsaye kuna kallonsa?" MaNyathi ta daka tsawa. "Abin da na kawo shi ku yi ke nan?"

"Mama, tsaya! Kar ki ja shi!"

Ina! Ta riga ta sa hannu a hammatarsa ta ɗaga ta fizgo. Jikinsa ya taho, ƙafafunsa suka ƙi biyowa, nauyinsa gaba ɗaya ya sauka a kanta. Ta yunƙura da duk ƙarfinta don kar su zube, sai ta ji wani abu ya soki idonta kamar allura. Sista da wani ma'aikaci suka tare Tshuma suka zaunar da shi a benci. Ita kuwa ta durƙushe, hannu a fuska, hawaye mai zafi yana bin kumatunta. Ɗan hasken da take gani ya koma jajaja.

Duk da haka bakinta bai mutu ba. "Ku haɗa masa kayansa. Gida za mu."

Tshuma ya ɗago hannunsa mai rawa. "MaNyathi... ni..."

"Na sani, gida kake so. Yanzu za mu..."

"Mama," Sista ta katse ta, "bari ya ƙarasa."

Ta yi shiru, don ba ta da ƙarfin musu. Maganar ta fito ɗaya bayan ɗaya, ƙasa-ƙasa.

"Ni... na roƙi Nomalanga... ta kawo ni nan. Ni ne. Na so in faɗa miki... ba ki jira ba." Ya numfasa. "Kina ɗaga ni... ina jin ƙashinki yana ƙara. Kullum ina tsoro... ni zan kashe ki. Yanzu ga idon."

MaNyathi ta kai hannu ido. Kuka ta fashe da shi, Sista tana cewa ta daina murza idon.

Motar gidan ce ta kai ta asibiti. Likita ya duba, ya yi faɗa kamar zai ari baki. Ya ce wurin aikin ya motsu, jini ya taru a ciki. Ya yi abin da zai iya, ya ce ba zai yi mata alkawarin komai ba sai kumburi ya sauka.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwarta. Tana kwance rigingine, ƙafafunta suna ƙaiƙayin tashi, tana danne su. Kullum da safe in an cire auduga sai ta juya wajen taga ta ga ko haske ya ƙaru. Wata rana ya ƙaru, wata rana kamar ya koma baya. Tsoro ya kama ta sosai: in ta makance, ita da Tshuma wa zai ja wani? Ba ta sake kiran gidan sistoci ba. Su ne ma ke kira, Sista ta kara wa Tshuma waya a kunne, MaNyathi ta cije leɓe tana jira har ya kai ƙarshen "Ya idon?"

Allah ya taimake ta, idon ya dawo. Sai dai bai dawo duka ba. Akwai wata inuwa a gefe da likita ya ce ta zauna ke nan, kuma ita ta saya da hannunta.

Ranar da ta je ɗauko shi, Sista ta nuna mata benci a ƙarshen baranda. "Zauna nan. Shi zai zo."

Ta zauna, ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta don kar su yi abin da suka saba. An zana fararen layuka a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Tshuma ya fito, ya kafe a bakin ƙofa. MaNyathi ta ɗan ɗago, ta koma ta zauna. Ya dubi layin farko, ya ƙirga da bakinsa, ya tsallake. Ya tsallake na biyu. Ya taho yana tangaɗi, Sista tana biye, har ya tsaya a gabanta.

Rabon da ta ga fuskarsa tar haka, ta manta. Ya yi aski da kansa, ya bar gashi a gefe guda. Maɓallan rigarsa sun tsallake rami, wuyan rigar ya karkace. Hannunta ya zame ya nufi maɓallan. Ta kalle shi, ta mayar da hannun inda yake.

"Ya... kika gan ni?" in ji Tshuma.

"Ka tsufa, Baban Nomalanga."

"Ke ma... da kin jira... da na faɗa miki tuntuni."

Haka suka fito, rigarsa a karkace, tana tafiya a gefensa da irin saurinsa.

Darasi: Mai jinya ma mutum ne, kuma neman hutu ba yasar da naka ba ne. In ka ce babu mai iyawa sai kai, za ka karya kanka, ka kuma hana majinyacin ɗan abin da ya rage masa na iyawa. Ka karɓi taimako tun da sauran lafiyarka, ka kuma jira mara lafiya ya ƙarasa maganarsa. Kowannenmu ya san wata MaNyathi a danginsu ko a unguwarsu. Ku tura mata wannan, sannan ku je ku karɓe ta ko na yini ɗaya ne.