Fatsar Dauda a Ramin Marmara

Akwai wani masunci a wani ƙauye kusa da Guci, sunansa Dauda. Ni dai duk sanda na tuna labarinsa sai in ji kaina ya ƙara girma, kamar ciki ɗaya muka fito. Ku daure ku karanta har ƙarshe.

Dauda gadon sana'ar kamun kifi ya yi. Wurin sana'arsu wani ƙaton tabki ne da ake kira Ramin Marmara, domin asalinsa rami ne da masu aikin hanya suka haƙa suka kwashi marmara, damina ta cika shi har ya haɗe da fadama. Kifi kam akwai shi, musamman manyan tarwaɗa. Sai dai ƙasan ruwan duk duwatsu ne masu kaifi da ramuka. Taru ba ya shiga ya fito lafiya. Sai fatsa, ita ma rabin yini a maƙale take.

Saboda haka Sarkin Ruwan garin, wani dattijo marar yawan magana, ya daɗe da kafa doka. Wanda ƙugiyarsa ta maƙale, shi zai nutsa ya ciro ta. Ba a tsinke zare a bar ƙarfe cikin ruwa, domin a nan shanu ke sha, a nan mata ke wanki. An taɓa yanka saniya mai ciki saboda ƙugiya ta shige mata harshe ta daina kiwo. Tun daga ranar, duk wanda ya bar ƙugiya a ruwa ya bar tabkin ke nan.

Dokar ba ta taɓa damun Dauda ba, don a nutso ba shi da na biyu. Yawancin samarin garin ma shi ya koya musu.

Ran nan yana dawowa daga Magariya a kan babur ɗin kabu-kabu suka yi karo da mota. Ya yi watanni a likita. Da ya dawo gida, ƙafarsa ta dama daga gwiwa babu ita.

Matarsa Kaltume tana suyar kifi ranar kasuwar Guci. Da can kifin mijinta take soyawa, yanzu sai ta bi masunta bakin ruwa ta sara. Ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, amma abin yana ci masa rai ƙwarai. Ƙannensa na aiko da hatsi, abokai na ba shi shawara ya kafa tebur a ƙofar gida ya riƙa sayar da goro. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, ƙafa aka yanke masa, hannuwansa suna nan.

Da ya ji ƙarfi sai ya ɗauki sandunansa ya koma tabki, ya zauna a kan dutse ya jefa fatsa. Ba a jima ba ta maƙale. Wani saurayi mai suna Mahdi, ɗaya daga cikin waɗanda Dauda ya koya wa nutso, ya tuɓe riga ya ciro masa. Washegari ma haka, jibi ma haka.

Mahdi ba mugu ba ne, baki ne da shi kawai. Wata safiya mai sanyi ya fito daga ruwa yana karkarwa, ya jefa wa Dauda ƙugiyar a gabansa, ya ce, "Yaya Dauda, don Allah ka rufa mana asiri ka zauna gida. Mu ma kifi muka fito nema, ba ƙugiyarka ba."

Sauran masunta suka ci gaba da jefa fatsarsu kamar ba su ji ba. Wannan halin nasu ya fi maganar yi wa Dauda zafi.

Sai ya koma zuwa lokacin da ba kowa. Ai kuwa rannan ƙugiya ta maƙale, ya ja, zare ya tsinke. Ba wanda ya gani. Da wani ne da ya naɗe zarensa ya yi gum. Dauda kuwa daga bakin ruwa gidan Sarkin Ruwa ya dogara, ya kai ƙarar kansa.

Dattijon ya sa aka nutsa aka ciro ƙarfen. Sannan ya dubi Dauda, idonsa ya yi ja, domin da mahaifin Dauda suka yi ƙuruciya. Ya ce, "Ɗana, doka ba ta san ɗan aboki ba. Ka huta. Ranar da ka samo yadda ba za ka bar mini ƙarfe a ruwa ba, kuma ba ka sa ɗan kowa nutso ba, ka dawo."

Kowa ya ɗauka sallama ce aka yi masa cikin mutunci. Dauda kaɗai ya ɗauke ta a matsayin alkawari.

Ana nan sai yayan Kaltume, Abdussalam, direban babbar mota mai zuwa kudu, ya zo gaishe su. Ya kawo wa Dauda tsarabar wata leda cike da ƴan kifaye na roba, masu laushi kamar tsoka, tare da wasu ƙugiyoyi masu lanƙwasa a wuya. Ya ce a bakin teku ya ga ana kama kifi da su, babu tana babu komai, amma shi bai san yadda ake ɗaura su ba. Dauda ya yi godiya ya rataye ledar. A ransa ya ce ai ƙugiya ƙugiya ce, ko da me ka yi mata ado dutse zai kama ta.

Wata rana da hantsi yana zaune yana kallon Kaltume tana ɗinke bakin zane. Da ta gama sai ta soke tsinin allurar a cikin wani guntun tsohon silifa, ta jefa a gwangwani, don kada ta soki mai lalube. Dauda ya ce ta miƙo masa. Ya shafa ta nan, ya shafa ta can, babu abin da ya kama masa yatsa. Ya daɗe yana juya abin a hannu, sannan ya ce ta sauko masa da ledar nan.

Tun daga ranar gidan ya koma wurin aiki. Aka samo rabin tano, wato ganga ta ƙarfe, aka cika da ruwa. Kaltume da kanta ta riƙa ɗauko duwatsun marmara a ka daga bakin tabki tana zubawa ciki, masu kaifin take zaɓa.

Dauda ya yi ta gwaji. Ya gano cewa sai ya soka ƙugiyar ta hancin kifin robar, ya fito da ita ta ƙasan haɓa, ya tura robar har ta zauna a lanƙwasar wuya. Sannan ya juya ƙugiyar ya huda ciki, tsinin ya fito ya kwanta a gadon baya, sai ya ɗan ja fatar robar ya rufe bakin tsinin. Idan robar ta karkace, juyi take yi a ruwa tana murɗe zare. Idan tsinin ya nutse da yawa, dutse ba zai kama ba, amma kifi ma ba zai kamu ba. Idan ya leƙo ko kaɗan, to an koma gidan jiya.

Da yatsunsa yake gwadawa, ya matse robar kamar yadda bakin kifi zai yi, ya ga ko tsinin zai fito. Babban yatsansa duk ya zama huda. Kaltume tana tsokanarsa wai a tarihin kamun kifi ba a taɓa yin masuncin da ya kama kansa da yawa irin haka ba.

Dalmar da ake ɗaurawa don ƙugiya ta nutse ma sai da ya sake mata siffa. Mai zagaye tana shigewa tsakanin duwatsu ta zauna, sai ya buge ta ta yi tsawo kamar ƙwallon dabino. Da yake ya san tarwaɗa ƙamshi take bi, sai ya riƙa jiƙa robar a ragowar man suyar Kaltume. Fiye da rabin ledar ya lalace a gwaji. Waɗanda suka yage yakan ɗumama wuƙa ya liƙe su.

Labari ya bazu wai Dauda ya buɗe tabkinsa a tsakar gida. Masu wucewa har sukan ɗaga murya su tambaya ko yau an yi kamu a tano. Kaltume takan ji kamar ta fita ta wanke su tas, shi kuwa sai ya ce ta ƙaro masa dutse.

Sai da damina ta wuce, aka gama girbi, sannan ya koma wurin Sarkin Ruwa ya ce ya shirya. Dattijon ya ce to, amma a gaban jama'a za a yi, kuma a Haƙoran Kura, wato kusurwar da ta fi ko'ina mugun dutse, inda ko masu ƙafa biyu ba sa jefa fatsa. Idan ta maƙale, magana ta ƙare har abada. Dauda ya ce ya yarda.

Ranar kuwa bakin tabki ya cika, har mata masu wanki suka bar wankinsu. Dauda ya zauna, ya ajiye sandunansa, ya yi bisimilla ya jefa. Ya bari ta kai ƙasa, ya fara ja a hankali, yana ɗagawa yana saki. Ana ganin zaren yana ɗan karkarwa duk sanda robar ta hau dutse ta sauka.

Can sai zare ya tsaya cak.

Wani ya ce shi ke nan. Mahdi ya sunkuyar da kai, ya fara cire riga, don duk da bakinsa bai so abin ya ƙare haka ba. Dauda bai ko dube shi ba, ya ce, "Mayar da rigarka."

Ya san idan ya fizga da ƙarfi tsinin zai fasa robar ya kama dutse, kuma da hannunsa zai rufe wa kansa tabkin. Hannunsa na so ya ja. Sai ya saki zaren ya yi sako-sako, ya jira. Ya matsa gefe da mazaunai, ya ɗan girgiza sandar fatsar sau ɗaya kamar mai tashin jariri. Zaren ya motsa. Robar ta haye dutsen ta wuce.

Kafin mutane su gama sauke numfashi sai zaren ya sake tsayawa, amma wannan karon ya fara tafiya gefe da kansa. Dauda ya san dutse ba ya tafiya. A nan ne ya fizga da duk ƙarfinsa, sanda ta lanƙwashe.

An sha dambe. Kifin ya nufi rami, Dauda ya hana shi, ya saki kaɗan, ya sake janyowa. Da ya kawo shi gaɓa aka ga tarwaɗa ce mai kai kamar akushi. Samari suka yunƙura za su shiga su kamo, Dauda ya ce kada wanda ya jiƙa ƙafarsa. Ya ja jiki har bakin ruwa, ya cusa hannu a kunnen kifin ya fito da shi tudu.

Sarkin Ruwa ya matso, ya buɗe bakin kifin, ya ga ƙugiya a wurinta. Ya sa Dauda ya sake jefawa, ya sake, a wurare dabam-dabam, kowane karo ƙarfe ya dawo hannun mai shi. Sannan dattijon ya juya don kada a ga idonsa, ya ce, "Gobe ka fito da wuri."

Da jama'a ta watse, Mahdi ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, ya kasa haɗa ido da shi. Ya fara kame-kamen ba da haƙuri. Dauda ya katse shi, ya ciro kifin roba biyu daga ɗan abin da ya rage masa ya miƙa masa, ya ce, "Shigar da ka yi ruwan sanyi saboda ni ita na riƙe. Matso in nuna maka, amma yatsanka zai sha huda."

Kafin shekara ta zagayo yawancin masuntan Ramin Marmara sun koma ɗaurin Dauda, Abdussalam kuma ya samu sabon saƙon sayo kifayen roba duk tafiya. Nutso ya ragu, masu shanu suka samu kwanciyar hankali.

Amma ni abin da ya fi daɗaɗa mini rai ya faru ne a kasuwar Guci, a makon da aka yi gwajin. Kaltume na tsaye gaban kasko, manyan yanka na soyuwa a mai, wata mai saye ta tsaya tana mamakin girmansu. Ta ce, "Kaltume, wannan a hannun wa kika sara?"

Kaltume ta gyara ɗaurin kallabinta. Ta ɗaga murya yadda duk layin masu suya za su ji, ta ce, "Ban sara ba. Maigidana ne ya kamo."

Darasi: Idan jarrabawa ta raba ka da hanyar da ka saba, kada ka karya doka don a tausaya maka, kada kuma ka yarda a naɗe ka a ajiye. Faɗi gaskiya ko a kanka ne, ka zauna ka koyi wata hanyar cikin haƙuri, idan Allah ya buɗa maka kuma kada ka rufe wa wanda ya taɓa ɓata maka. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san ana cewa tasa ta ƙare.