Bizar Wankan Jego

Wai wata mai kitso ce, Iya Tabawa, 'yarta Hansatu ta kusa haihuwa a ƙasar waje, ga shi ba ta da kowa a can. Iya ta tafi ofishin biza, don kar haihuwa ta zo babu mai dafa wa yarinya ruwa.

Jami'in ya ce, "Iya, me za ki je yi?"

"Wankan jego, ɗan nan."

"Dafa ruwa da girki ai aiki ne, ba za a ba ki bizar ziyara ba. Ta aiki kuma sai kin kawo takardar wanda ya ɗauke ki."

"Ba wanda ya ɗauke ni."

"To ba tafiya."

Iya ta gyara mayafi. "Yallaɓai, da maiɗakinka ta haihu, wa ya yi mata wankan?"

"Mahaifiyata. Daga ƙauye ta zo, sai da aka yi arba'in ta koma."

"Allah sarki. Ka dai rubuta mata takardar ɗaukar aiki ko?"

Ya zabura. "Uwar tawa? 'Yar aiki ce? Ziyara ta kawo mana!"

Iya ta tura masa fasfonta. "Yauwa, irin tata nake so."

'Yan layi suka kwashe da dariya. Ya sosa ƙeya, ya jawo hatimi.